Yadda Ake Haɗa Shigar Jarumin Almara a Ɗauke Shi Hoto a Daura

Ƙanena ne ya jawo ni cikin wannan harka. Shi mutumin katun ɗin Japan ne da wasannin kwamfuta, ni kuma abincina ɗaukar hoto: biki, suna, walimar sauka, fasfo. Wata rana ya miƙo mini waya ya ce, "Yaya, dubi waɗannan, kosfile ake ce masa." Na ga samari da 'yan mata sun yi shigar jaruman da babu su sai a zane, wannan da takobi, wancan da fukafukai, an ɗauke su a daji kamar gaske. Kalmar daga Japan ta fito a farkon shekarun 1980, kuma tun 2003 ake taron duniya na masu yin abin a birnin Nagoya na ƙasar. Na ce masa ai mu ma ba baƙonmu ba ne. Duk wanda ya taɓa liƙa gemun auduga ya ɗauki sanda ya bi gida-gida da tashe bayan goma ga azumi, ya yi kosfile ko bai san sunansa ba. Sai dai tashe na dare ne, duhu na rufa maka asiri. Kyamara kuwa da rana take aiki, kuma ko zare ɗaya ne ya saki sai ta nuna.

Ga yadda muka yi namu, har da inda muka yi tuntuɓe.

Fara da zaɓen wuri

Yawancin masu farawa sai sun gama ɗinki sannan su fara tunanin inda za a ɗauka. Ka juya abin. Je ka ga wurin tukuna, a daidai lokacin da za ka ɗauki hoton, ka ɗauke shi da waya babu kowa a ciki. Launin wurin shi zai gaya maka launin kayan. Tsohuwar katangar jar ƙasa irin ta cikin gari tana haɗiye duk abin da yake ruwan ƙasa ko ja. Mutum ya tsaya jikinta da irin wannan launi sai ya ɓace kamar hawainiya. Shuɗin baba ko kore mai duhu kuwa yana fitowa tas a jikinta. In da damina za ka ɗauka, gero ya tashi ko'ina kore shar, to a nan ja da ruwan goro ke da magana.

Bishiya ma tana da lokacinta. Kuka da rani ba ta da ganye ko ɗaya, rassanta kamar hannuwan dodo, ita ce bangon da ya fi dacewa da labarin tsoro. Gawo kuma akasin sauran itatuwa yake: da damina yake kaɗe ganye, da rani yake kore. Wanda bai lura da wannan ba zai shirya hotonsa a kan inuwar da babu ita ranar da ya zo.

Kowa zai fara tunanin Rijiyar Kusugu. Rijiyar yanzu cikin gini take, tana da masu kula da ita, kuma hasken ciki ba irin wanda muke nema ba ne. In kana son hoto ɗaya a can saboda tarihi, ka nemi izini cikin ladabi, in an hana ka haƙura. Haka ƙofar fada, haka Hasumiyar Gobarau ga mutanen Katsina, wadda asalinta na masallaci ne: ba wuraren zare takobi a yi tsalle ba ne. Mu bayan gari muka samu wani kango da kuka a gefensa, tafiyar minti goma a babur, kusa da gonakin mutanen da suka san mahaifinmu. Nisan ke nan da nake ba da shawara. Halin tsaro a jiharmu bai ba da damar a nausa daji don neman dutse mai kyau ba.

Labarin jarumin, cikin layi uku

Za ka iya kwaikwayon wani jarumi da aka riga aka zana, sai ka tara hotunansa ta gaba, ta baya, ta gefe. Mu ƙirƙirar namu muka yi daga labarin garinmu. Kamar yadda labari ya zo, Bayajidda ya iso Daura da dare, ya sauka gidan tsohuwa Ayana, ya nemi ruwa aka ce masa macijin da ake kira Sarki ba ya bari a ɗiba a Rijiyar Kusugu sai ranar Juma'a, ya je ya kashe shi. Iyakar abin da muka ara ke nan. Sauran namu ne: wani yaro mai jan ruwa ya tsinci saɓar macijin a bakin rijiya, ya ɗinka ta a jikin rigarsa, kibiya ta daina huda shi, amma tun daga ranar ƙishirwa ba ta barinsa sai Juma'a. Muka sa masa suna Mai Saɓa.

Kada ka raina waɗannan layuka, su ne ke yi maka cefane. Tunda mai ƙishirwa ne, dole ya rataya gora, leɓensa a bushe, igiyar guga ce ɗamararsa. Tunda talaka ne, babu zinariya, babu aiki a wuyan riga. Duk abin da labari bai kira ba, ka bar shi a kasuwa.

Abin da ba a sawa

A wasu ƙasashe kana iya sa duk abin da ka ga dama. A Daura tufa tana da mai ita. Rawani mai kunne biyu na 'ya'yan sarauta ne, alkyabba ta masu sarauta ce, ja da kore a haɗe kuma kowa ya gani dogari zai tuna. Kakin soja mai dabbare-dabbare doka ma ta hana farar hula sawa. Ka kalli Hawan Magajiya ko hawan Sallar Gani da idon mai koyo: yadda 'yan sulke ke ɗaure ƙugu, yadda lifidi ke sauka a kafaɗa, yadda gashin jimina ke rawa a saman kwalkwali. Ɗauki fasalin, ka bar alamar muƙamin. Mun yi wa Mai Saɓa naɗi na shuɗin yadi mai amawali, ba kunne, irin na matafiya.

Ga 'yan mata, wannan shiga ba ta da rigima da sutura. Jarumar almara tana fita da naɗin kai, da doguwar riga mai tsaga a gefe kan wando mai faɗi, da mayafi mai nauyi da iska za ta ɗauka, kuma a hoto wannan mayafin ya fi gashi a buɗe ban sha'awa nesa ba kusa ba. Amma a fara da yardar iyaye, a kuma yanke tun farko ko hoton zai hau intanet ko a'a.

Tufafin ciki

Nemi auduga. Shadda mai maiƙo da yadin roba suna ƙyalli a rana, sai jarumin ya fito kamar ango. Saƙi ko gwado in ka samu, ko farin alawayyo ka kai marina. Abin da aka rina da baba yana zuba a jiki, don haka a wanke shi sau biyu ko uku kafin ranar. Ka kai wa tela zane, ko da na biro ne, ka tsaya a kansa wajen yanka, domin hannunsa ya saba da kaftani, in ka juya baya kaftani zai ɗinka maka.

Sabon kaya ba ya ba da labari, sai an tsufar da shi. Jiƙa shi cikin ruwan shayi mai kauri na dare ɗaya. Goge gwiwa da gwiwar hannu da bakin riga da samfefa. Shafa jar ƙasa a ƙasan wando, inda ƙura ke kama mai tafiya da gaske. Mahaifiyarmu ta leƙo ta tarar muna murza sabuwar riga a ƙasa, ta ce, "Ku dai Allah ya shirye ku, kuɗi kuka kashe don ku yi tsumma?"

Sulken, inda aikin yake

Masu wannan harka a duniya da wata roba mai laushi da ake kira EVA suke yin kayan yaƙi. Ba sai ka yi oda daga Legas ba: ita ce robar da masu haɗa takalma ke yankawa su yi tafin silifa. Je wurin masu sayar musu da kaya ka nemi kauri biyu, mai milimita 2 don ƙananan ado, mai milimita 5 zuwa 8 don kafaɗa da damtse. Ka haɗo da gam ɗin takalma, da farin gam na kafintoci, da reza mai yawa, domin roba na dakusar da kaifi nan da nan, kuma dakusasshiyar reza yaga take yi.

Awo shi ne farko. Nannaɗe kafaɗar mai sawa da leda, ka bi ta da salatif ɗin takarda har ta rufe, ka zana siffar da kake so a kai da alƙalamin maka, ka yanko da almakashi a hankali. Baje wannan a kan takardar buhun siminti ka kwafe. Gwada takardar a jikinsa tukuna, ya ɗaga hannu, ya sunkuya, ya zauna. Gyaran takarda kyauta ne. Sai ta zauna daidai sannan ka ɗora a roba ka yanka.

Don lanƙwasawa, roba zafi take so. In babu na'urar hura zafi, riƙe ta nesa da garwashin da ya daina hayaƙi, kamar taƙi biyu, kana juyawa har ta yi laushi, sannan ka kifa ta a bayan ƙwarya ka danne har ta huce. Siffar ƙwaryar za ta riƙe. A tsakar gida ake wannan, ba a ɗaki ba, warin robar da na gam duk ba na shaƙa ba ne. Shi gam ɗin takalma ana shafa shi siriri a fuska biyu, a jira minti biyar zuwa goma har ya daina bin yatsa, sannan a haɗa. In ya kama ya kama, babu gyara.

Saɓar macijin ita ta ci mana kwanaki. Mun yanka ɓawo sama da 250 daga robar mai milimita 2, kowanne santimita 4 a faɗi, 6 a tsawo, mai tsini a ƙasa kamar ganye. Jerawa daga ƙasa ake farawa a yi sama, na sama ya hau rabin na ƙasa, layi na biyu ya faɗa tsakanin na farko, yadda magini ke jera bulo. A karon farko da gam ɗin kyandir muka liƙa su, wanda ake narkawa da 'yar bindiga, saboda ya fi sauri. Watan Afrilu ne, zafi ya haura digiri 40. Muka sa rigar a but ɗin mota tun azahar. Da muka buɗe bayan la'asar, gam ya narke, rabin ɓawon ya zame ya taru a kusurwa kamar ganyen darbejiya. Ranar ko hoto ɗaya ba mu ɗauka ba.

Washegari na kai rigar wurin wani dattijo baduku a kasuwa. Ya jujjuya ta, ya ɓantari ɓawo ɗaya da farce, ya ce, "Ɗana, abin da za a sa a rana ɗinke shi ake yi." Na ce, "Baba, ai da yawa." Bai tanka ba, ya ɗauko basilla da zare mai kakin zuma, ya yi wa ɓawo ɗaya ɗinki biyu a sama inda na gaba zai rufe, ya ja da ƙarfi ya miƙo mini. Kwana huɗu muka yi muna ɗinki ni da ƙanena bayan isha'i. Ribar da ba mu zata ba: ɗinkakken ɓawo yana motsi in mutum ya juya, liƙaƙƙe kuwa a sandare yake. Shi dattijon ne kuma ya yi mana kube da ɗamara da wasu layu na ado da babu komai cikinsu sai guntun kwali.

Fenti ba ya zama a kan roba kai tsaye, tsotse shi take yi. Sirka farin gam da ruwa kaɗan, shafa sau uku, kowane shafi ya bushe kafin na gaba. Sannan baƙin fenti ko'ina. Bayan ya bushe, tsoma burushi a fenti ruwan tagulla ko azurfa, goge shi a tsumma har ka ga kamar babu saura, sai ka riƙa shafa bakin kowane ɓawo sama-sama. Baƙin da ya rage a lungu shi ke sa ido ya yarda ƙarfe ne. Kwalkwali kuwa ƙwarya ce daidai kai, soso a ciki, fata a waje, ba nauyi.

Takobi

Kada ka fita da na ƙarfe, ko da na gado ne marar kaifi. Masassaƙi ya fafe maka na itace marar nauyi mai dakusasshen baki, ko ka sa siririn bututun wayar lantarki tsakanin roba biyu ka fere. Ko na wasan ma a buhu ake ɗaukarsa har a isa wurin. Kwana ɗaya kafin ɗauka ka je gaida mai unguwa ko mai gonar, ka nuna masa zanen da takobin ya taɓa da hannunsa. Namu da ya ɗaga ya ji ba nauyi dariya ya yi, na ce, "Ranka ya daɗe, wasan yara ne na hoto." Ya haɗa mu da ɗansa ya raka mu. Mutum naɗe da fuska riƙe da takobi a bayan gari da yamma, in ba a san da zuwansa ba, kowa ya san fassarar da za a yi masa a wannan zamani.

Fuska

Kaɗan ya isa. Fensirin ido na kanti ya fi kwallin gargajiya aminci, domin wani kwallin yana ɗauke da dalma. Hoda marar ƙyalli saboda gumi. Lalle a ƙunsa kwana ɗaya ko biyu kafin ranar. Baƙin nan na kanti da ake haɗawa da rinin gashi yana ƙona fatar wasu, a gwada a ɗan wuri tukuna. Gilashin da ake mannawa a ƙwayar ido don canza launi, da ƙurar hunturu, ni dai ban yarda da shi ba.

Ranar ɗauka

Rana tsaka ba ta yi: inuwa na taruwa a ramin ido, roba ta yi laushi, mai kaya ya jiƙe. Lokacinka daga misalin biyar na yamma ne zuwa faɗuwar rana, ko farkon hantsi kafin takwas. Kuma a nan rana ba ta jan jiki wajen faɗuwa, jan hasken nan mai kyau da wuya ya wuce minti arba'in. Saboda haka a yi la'asar, a isa wurin, a gama shiri kafin hasken ya zo. Sulke da kwalkwali su ne na ƙarshen sawa. A tafi da ruwan sha, allura da zare, fil, gam, da tsumman goge gumi.

Hazon hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, kyauta ce ga mai hoto: yana tace rana, bayan hoto ya yi fari-fari kamar wata duniya. Kuɗinsa ƙura ce. Kada ka canza gilashin kyamara a fili, kuma ka riƙa hure shi kafin ka goge, in ba haka ba yashi zai karce shi.

Sa rana a bayan jarumin, ta ɗan karkata gefe, don haske ya zagaye gefen naɗi da kafaɗa. Fuska za ta yi duhu, sai a mayar mata da haske. Ba sai ka sayi komai ba: abin tare rana na gilashin mota mai ruwan azurfa, ko babban tiren silba na gida, wani ya riƙe daga gefe yana karkatawa har ka ga ɗigon haske a idon. Auna hasken a kan fuska. Kyamara in ka bar ta da kanta sararin sama take bi, ta bar baƙar fata cikin duhu.

Mai kyamara: gilashi mai milimita 50 ko 85, buɗewa tsakanin f/1.8 da f/2.8 don baya ya narke, ISO 100 zuwa 400, sauri 1/250 in a tsaye yake, 1/1000 in akwai tsalle ko wurga mayafi, kuma ka ɗauka a RAW, wato tsarin da ke ajiye hoton ɗanye don gyara. Mai waya: goge gilashin da gefen riga, ja baya ka sa ninki biyu maimakon ka matso, domin gilashin waya mai faɗi yana kumbura hanci yana ƙanƙance ƙafa. Danna fuskar ka riƙe har haske ya kulle, sannan ka ɗan rage shi.

Durƙusa. Hoton da aka ɗauka daga daidai gwiwa yana ƙara wa mutum kwarjini, yana kuma ɓoye rufin kwano da turakun lantarki a bayan kango. Kada ka ce masa "yi fuskar jarumi", zai ɓata rai ne kawai kamar wanda aka hana bashi. Ba shi aiki daga labarin. Na ce wa ƙanena, "Kwana shida ba ka sha ruwa ba, ga gora a hannunka, girgiza ka ji babu komai." Ya girgiza, ya ɗaga kai ya dubi kukar. Wannan hoton ya fi duk na zare takobin da muka yi.

Ɗauki iri uku a kowane wuri: na nesa da ke nuna shi ƙarami gindin kuka, na rabin jiki, da na kusa sosai, wato hannu a kan kube, ɗinkin ɓawo, ƙura a yatsun ƙafa. Don mayafi ya tashi, mataimaki ya riƙe bakinsa, ka ƙirga uku ya wurga sama ya fice da gudu, kai kuma ka danne maɓalli kyamara ta yi ta harbi. Cikin ashirin za ka samu ɗaya. Ƙura kuma, a watsa lallausan rairayi a bayansa ta inda rana za ta ratsa, bayan an duba inda iska ta nufa. Hayaƙi, turaren wuta a kasko ya wadatar, amma ban da kusa da karan dawa ko busasshiyar ciyawa.

Yara za su taru, wannan babu makawa. Korarsu ɓata lokaci ne. Kira babbansu ka ba shi tiren ya riƙe, shi zai tsare maka sauran a bayan layi. In ka ga wani ya shiga hoto, ka yanke shi wajen gyara, ɗan mutane ne. Doki kuwa, in ka yi sha'awar haya, ka bar shi sai karo na biyu, kuma mai shi ya tsaya kusa: walƙiyar tire ɗaya ta isa ta firgita shi. Da an fara kiran magariba a naɗe kaya.

Bayan an dawo

Manhajojin gyaran hoto Snapseed ko Lightroom na waya sun isa. Daidaita karkata, goge waya ko leda da ta maƙale a reshe, ɗaga inuwa kaɗan, ƙara ɗumi. Kada ka wanke fatarsa ta koma fara, kada kuma ka shafe ta ta zama kamar roba. An sha wahala an tsufar da riga, fuska ma a bar mata ƙurarta. Instagram ya fi son hoton tsaye. In za ka tura ta WhatsApp, tura a matsayin fayil, in ba haka ba zai matse hoton ɓawon ya dame. Ka ambaci tela da baduku in sun yarda a ambace su.

Kayan kuma a shanya su a inuwa gumi ya bushe kafin a adana. Sulken roba rataye shi ake yi, in aka ninke ya kwanta shi ke nan. Kada a ƙulle fata a leda, da damina fumfuna za ta ci ta. Kwalkwalin ƙwarya a sa shi sama inda ɓera ba ya kaiwa. Namu na farko a ƙarƙashin gado ƙanena ya tura shi, da Sallar Gani ta zagayo muka jawo shi da huda uku.